Yuraniyom a cikin iska: ƙoda ce ke fara jin jiki

Alhaji, ranka ya daɗe, tambayarka ta iso ni. Ka ce a shekarun da kake jan motar albasa tsakanin Nijar da Akra ka taɓa kaiwa har Arlit, ka ga tulin ƙasar da ake zubarwa bayan an cire yuraniyom, ka ga kuma yadda iska ke kwasarta. Yanzu kana zaune a Madina ta Akra, kusan kullum sai ka bi ta Atomic Junction, ga shi kana jin labarin Ghana na shirin gina tashar lantarki ta nukiliya. Jikanka mai karatun kimiyya ya ce maka muddin na'urar awon radiyeshan ba ta nuna an wuce iyaka ba, to babu abin damuwa. Wani abokinka kuma ya ce yuraniyom guba ne irin dalma. Kana so ka san wanda ya faɗi daidai, da kuma yadda ake yanke yawan da aka yarda a saki cikin iska.

Abokinka ya fi kusa da gaskiya. Jikanka ya riƙe rabinta, kuma ban ga laifinsa ba, domin haka aka fi koyar da abin a makaranta.

Yuraniyom na cutarwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, wato radiyeshan da yake fitarwa. Ta biyu kuwa ba ruwanta da nukiliya ko kaɗan. Shi ƙarfe ne mai nauyi, dangin dalma da makurin da masu galamse ke wanke zinariya da shi. Ka tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Da an zagaya ƙauyukan nan da na'urar awon radiyeshan, da ba ta nuna komai ba. Gubar yuraniyom ba ta kai ta dalma muni ga yara ba, wannan ya kamata in faɗa tun yanzu, amma hanyar ɗaya ce: ƙarfe ya shiga jini, ya sami gaɓar da zai zauna, ya lalata ta.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yuraniyom da aka haƙo daga ƙasa radiyeshan ɗinsa mai rauni ne. Kashi 99.3 cikin ɗari nasa nau'in da ake kira 238 ne, wanda sai ya yi shekara kusan biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗe. Abin da ke ci a hankali haka, kamar gawayin da aka binne a toka, zafin da yake bayarwa a kowace daƙiƙa kaɗan ne. Nau'in 235, wanda ake nema don makamashi, kashi 0.7 ne kawai. Saboda wannan raunin, mutum na iya shaƙar nauyin da zai taɓa masa ƙoda tun radiyeshan ɗin bai kai inda doka za ta tsawatar ba.

In ya shiga ta baki, hanji ba ya karɓarsa sosai. Abin da ke wucewa zuwa jini bai fi kashi 2 cikin ɗari ba ga mai narkewa, marar narkewa kuwa wajen kashi 0.2, sauran ya fita da bayan gida. Huhu ba shi da irin wannan shinge. Ƙurar da ta yi laushi har ta kai can ƙasan huhu, in mai narkewa ce, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki ta shige jini. Daga nan aiki ya koma kan ƙoda. Kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya shiga jini ƙoda na tace shi ta fitar a fitsari cikin kwana ɗaya. A wajen wannan tacewar ne ɓarnar take. A cikin ƙoda akwai wasu 'yan siraran bututu da aikinsu shi ne su ƙwato abubuwa masu amfani daga ruwan da aka tace, irin su suga da gishiri da ƙananan furotin, su mayar wa jini. Yuraniyom na manne wa bangon farkon waɗannan bututun, ya kashe ƙwayoyin da ke wurin. Sai a fara ganin suga a fitsarin mutumin da ba shi da ciwon suga, da furotin da bai kamata ya fita ba. Mai shi ba ya jin ciwo, kuma gwajin jinin da aka saba yi a asibiti kan nuna lafiya lau har sai abin ya yi nisa. In ɓarnar kaɗan ce kuma aka daina shaƙa, bututun na iya farfaɗowa. Wani kaso kuma yakan tafi ƙashi ya zauna shekaru, yana sakowa sannu a hankali.

Kalmar nan “mai narkewa” ita ce mabuɗin duk maganar, don haka bari in tsaya a kanta. Yuraniyom ba ya zuwa da fuska ɗaya. Wanda ake sakawa a tashar lantarki an gasa shi ya zama kamar tangaran, ba ya narkewa. In ƙurarsa ta shiga huhu tana iya yin shekaru a wurin tana harba radiyeshan ga naman da ke kewaye da ita, ƙoda kuwa kaɗan take samu. A nan maganar jikanka ta yi daidai, radiyeshan ne abin tsoro. Amma a masana'antun da ke tace shi ana narkar da shi da asid, ana kuma haɗa shi da fulorin ya zama wani abu da ke komawa tururi da ɗan zafi, wajen digiri 56. Wannan da ya haɗu da laimar iska sai ya rabu biyu: ƙurar yuraniyom mai saurin narkewa, da asid mai ƙona huhu. A watan Janairun 1986, a wata masana'anta da ke Gore a jihar Oklahoma ta Amurka, tukunyar wannan abu ta fashe bayan an cika ta fiye da ƙima aka kuma ɗumama ta. Ma'aikaci ɗaya ya rasu, kuma asid ɗin ne ya kashe shi. Ko garin yuraniyom ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ake lodawa a durom daga Arlit, yadda yake narkewa ya danganta da irin zafin da aka busar da shi. Shi ya sa duk wanda ya ce maka ga iyakar yuraniyom a iska bai faɗi wane iri ba, bai gama magana ba.

Sanin da muke da shi a kan gubar ya faro ne daga lokacin yaƙin duniya na biyu, sa'ad da Amurka ke ƙera bam ɗinta, aka sa masana a Jami'ar Rochester su gwada yuraniyom a kan karnuka da ɓeraye da zomaye don a san abin da ma'aikata za su iya ɗauka. Daga wannan aiki ne aka sami adadin da hukumar ICRP, mai ba duniya shawara kan kariya daga radiyeshan, ta yi amfani da shi a 1959: kada ya wuce maikrogiram 3 a kowane giram na naman ƙoda. Maikrogiram shi ne giram ɗaya in an raba shi gida miliyan. Ƙodojin babban mutum biyu nauyinsu wajen giram 300 ne, ka ga duka abin bai kai miligiram ɗaya ba. Daga baya masana da dama sun ce ko wannan ya yi yawa ga wanda zai zauna da shi shekara da shekaru, domin an ga alamun canji a fitsari a ƙasa da haka. Ina tare da su. An yanke adadin ne don ƙarti majiya ƙarfi da ke aikin sa'a takwas su koma gida. Ba a yi shi don tsohuwa mai hawan jini ko jaririn da ke kwana a bayan katangar masana'anta ba.

Ga lissafin da nake so ka nuna wa jikanka, ya zauna da biro ya bi shi da kansa. Iyakar radiyeshan da aka yarda ɗan gari ya samu daga ayyukan nukiliya ita ce milisibat 1 a shekara (milisibat shi ne mudun awon radiyeshan da jiki ya samu). In aka bi ma'aunin ICRP, sai mutum ya shaƙi wajen miligiram 75 na yuraniyom mai narkewa a shekara kafin ya kai wannan iyaka. Babban mutum na shaƙar iska kimanin mita kubik 8,000 a shekara. In ka raba, za ka sami kusan maikrogiram 9 a kowace mita kubik. Wato masana'anta na iya cika unguwa da wannan adadi, takardarta ta radiyeshan kuma ta fito fes. To a 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata jama'a su riƙa shaƙar fiye da maikrogiram 1 ba. Hukumar ATSDR ta Amurka, mai nazarin abubuwa masu guba, a 2013, ta sa 0.04 ga mai narkewa in za a daɗe ana shaƙa. Tsakanin 9 da 0.04 akwai ninki sama da 200. Ko da an matsa wa masana'anta ta tsaya a kashi ɗaya cikin goma na milisibat ɗin, kamar yadda wasu ƙasashe ke yi, har yanzu ta ninka adadin ATSDR sau ashirin da ɗoriya.

In ka yi wannan lissafin da marar narkewa sai abin ya juya. Radiyeshan zai tsayar da kai a wajen maikrogiram 0.6 a mita kubik, alhali adadin ATSDR na guba 0.8 ne. A nan dokar radiyeshan ce ta riga kamawa. Saboda haka mai yanke iyaka dole ya yi lissafi biyu, ya ɗauki wanda ya fi tsanani. Hukumar NRC mai kula da harkar nukiliya a Amurka ta san da haka, shi ya sa a cikin dokarta ta radiyeshan ta saka layi guda da ke magana da nauyi: ma'aikaci kada ya ɗauki fiye da miligiram 10 na mai narkewa a mako, saboda gubarsa. Ta kuma nuna cewa in ba a inganta yuraniyom ɗin, wato a ƙara masa yawan nau'in 235, ya wuce kashi 5 cikin ɗari ba, guba ce kan zama abin da ke iyakancewa. Galibin man tashoshin lantarki a ƙasa da kashi 5 ɗin nan yake.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Ina sabon shiga aikin awon ƙura, na rubuta rahoto a kan wasu matatun iska, duk adadin na ba da shi da ma'aunin radiyeshan, na rufe da cewa an yi ƙasa da iyaka sosai. Wani dattijon likita da ya karanta ya kira ni ya ce, ɗana, a miligiram nawa ke nan? Ban da amsa a lokacin. Da na koma na juya lissafin, adadin bai kai na cutarwa ba, alhamdu lillahi, amma tazarar da nake taƙama da ita ta ragu ƙwarai. Tun ranar ban sake sa hannu a rahoton yuraniyom da babu nauyi a cikinsa ba.

Za ka ce me ya sa hukumomi suka saɓa haka, wannan 1, wancan 0.04. Dalilin yana cikin yadda ake gina adadin. Ana ɗaukar mafi ƙarancin yawan da ya fara taɓa ƙodar dabba a gwaji, a gyara shi domin dabbar sa'o'i kaɗan take shaƙa a rana, mutumin unguwa kuwa dare da rana ne. Sannan a raba da goma saboda mutum ba kare ba ne, a sake rabawa da goma saboda mutane ba ɗaya suke ba. Wata hukuma kuma takan ƙara ragewa, ta ce ai mutumin nan yana samun wani yuraniyom ɗin daga abinci da ruwa, kada iska ta cinye duk rabon. Kowane mataki akwai hukunci a cikinsa, kuma masana na gaskiya kan saɓa. Ruwan sha ma haka ya yi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikrogiram 2 a lita a 1998, ta ɗaga zuwa 15 a 2004, sannan 30 a 2011, bayan an bincika mutanen da suka daɗe suna shan ruwan rijiyoyi masu yuraniyom da yawa, musamman a Finlan, aka ga 'yan canje-canje a fitsari amma ba a ga ciwon ƙoda ƙarara ba. Na kawo wannan ne don kada ka ɗauka kowane sabon bincike ƙara tsoro yake yi.

Samun adadin rabin aiki ne. Adadin nan na hancin maƙwabci ne, masana'anta kuwa bakin bututun hayaƙinta take iya sarrafawa. Sai a yi lissafi daga baya zuwa gaba: ina gida mafi kusa, tsawon bututun nawa, ina iska ta fi kaɗawa, kwana nawa take kwanciya cik ƙura ta sauka nan kusa. Daga nan a ce wa masana'anta giram kaza za ki iya saki a sa'a. A nan bakin teku iskarmu daga kudu maso yamma take zuwa yawancin shekara, sai hunturu ya juya ta daga arewa maso gabas, don haka lissafin da aka yi da iskar wata ƙasa ba zai yi mana ba. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: ƙurar da ta sauka ba ta tafi ba. Tana taruwa a ƙasar tsakar gida, a rufin kwano da ake tarar ruwan sama, a ganyen alayyahu, yara na wasa suna kai hannu baki. Iyakar da ta kalli shaƙa kaɗai ta bar wannan ƙofa a buɗe.

Misalin da na fi yarda da shi na lardin Ontariyo ne a Kanada. A can akwai garin Port Hope, inda masana'antar sarrafa yuraniyom ke zaune a bakin tafki cikin gari, tun shekarun 1930 ake aikin a wurin. Masana'antar na da lasisin hukumar nukiliya ta ƙasa, amma duk da haka ma'aikatar muhalli ta lardin ta kafa nata ma'auni a 2011, wanda ya fara aiki a 2016: maikrogiram 0.03 a mita kubik, matsakaicin shekara, a cikin ƙura mai laushin da ke shiga huhu. Don kare ƙoda aka yi shi. Hukuma biyu, kowace da mudunta, kuma dole a cika duka biyun.

Mu dawo gida. Abin da ke Kwabenya, can gaba da Atomic Junction, ranka ya daɗe, bai kamata ya hana ka barci ba. Hukumar Makamashin Atom ta Ghana, wadda aka kafa a 1963, tana da ƙaramin injin bincike a can, ƙirar Sin, mai ƙarfin wajen kilowat 30, wato kamar dutsen guga talatin a kunne. A 2017 aka cire mansa mai ingancin kashi 90 aka mayar Sin, aka sa mai kashi 13. Man a rufe yake cikin bututun ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, ba a niƙa shi, ba a narkar da shi. Ita ma tashar lantarkin da ake magana, wadda aka zaɓa wa Nsuban a Yankin Yamma, in an gina ta, yuraniyom ba ya cikin abin da takan saki a iska a aikinta na yau da kullum. Tana da nata tambayoyin, masu nauyi, amma wannan ba ya cikinsu. Ƙurar yuraniyom daga wurin haƙa take fitowa, da wurin niƙa da tacewa da ƙera man, kuma Ghana ba ta da ko ɗaya a yanzu. Mutanen Arlit da Akokan su ne ke zaune da ita. Mahaƙar Akokan ta rufe a watan Maris na 2021, ta bar tulin dusar dutse na miliyoyin tan, kuma a can matsalar ta haɗa da iskar radon da radiyom da suka rage a cikin dusar, ba yuraniyom kaɗai ba.

Na san abin da ke ranka game da hazon hunturu, ko yana ɗauko mana ƙurar Arlit. Yawancin ƙurar daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Ƙasa ko ta ina tana da yuraniyom kaɗan, wajen miligiram 3 a kilo. A ce ranar da hazo ya yi tsanani akwai maikrogiram 500 na ƙura a mita kubik, yuraniyom ɗin cikinta zai zama 0.0015, kashi ɗaya cikin ashirin na ma'aunin Ontariyo. Ƙurar ita kanta ce ke cutar da ƙirji, ita da hayaƙin trotro da na ƙona shara, kuma saboda su ya dace ka rufe hanci.

To me ya sa na damu, tunda babu masana'antar? Saboda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna da hukumar NRA da dokar 2015 ta kafa don kula da radiyeshan, muna da EPA mai kula da gurɓatar iska. Yuraniyom mai narkewa a tsakaninsu yake zaune, kuma abu mai sauƙi ne kowace ta ɗauka ɗayar ce ke riƙe da shi. Ra'ayina shi ne a rubuta iyakar da maikrogiram, a bambanta mai narkewa da marar narkewa, a ɗauki adadi na kusa da na Ontariyo, tun babu kamfanin da ya zuba kuɗi zai zo yana roƙon sassauci. A kuma auna iska da ƙasa da ruwan duk wurin da za a yi wani aiki kafin a kafa tubalin farko, domin in ba a san yadda wuri yake da ba, ranar da aka sami ƙari kamfani zai ce haka ya tarar. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a asibitin Korle Bu ko Komfo Anokye ya san abin da ciwon nan ke yi wa gida da aljihu, ga hawan jini da ciwon suga sun riga sun raunana ƙodojin mutanenmu da yawa.

In Allah ya kai ka taron jin ra'ayin jama'a a kan irin wannan aiki, aka ce muku an yi ƙasa da milisibat ɗaya, ka ɗaga hannu ka tambaya: a maikrogiram nawa ne, wane iri ne, a ƙofar gidan wa aka auna, kuma wa ya auna, kamfanin ko wani daban. Amma abin da ya fi kusa da kai yau shi ne burtsatsen gidanka. Inda ƙasa ke da dutsen giranit ruwan ƙarƙashinta kan ɗauko yuraniyom fiye da na sauran wurare, kuma tafasawa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara tattara shi in ruwan ya ƙone. Ka sa jikan naka ya ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta bayan famfon ya ɗan gudana, ya kai ɗakin gwajin da ke auna ƙarafa masu nauyi, ya ce a haɗa da yuraniyom a ba shi sakamakon da maikrogiram a lita. In ya fito ƙasa da 30, ku ci gaba da sha. In ya haura, ku koma wani ruwan don sha da girki, wanka da wanki kuwa babu laifi, sannan ka turo mini takardar mu duba tare.